Wane Ne Ke da Ikon Ramuwa?

Daga cikin al'amuran da suka fi wahalar da ɗan Adam, tun daga ranar da Ƙabila ya ɗaga hannu a kan ɗan'uwansa Habila har zuwa wannan zamani namu, da wuya a sami wanda ya kai wannan nauyi: yadda mutum zai yi da zuciyarsa bayan an zalunce shi yana ji yana gani, alhali kuwa ga azzalumin nan yana kai da kawowa a cikin gari, yana cin kasuwa, yana gaisawa da jama'a kamar ba shi ne ya aikata ba. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma sun faɗi gaskiya game da halin zuciya, domin ita zuciya in an taɓa ta ba ta mayar da abin da aka auna mata mudu da mudu, sai ta ƙara da gyara. Saboda haka ne addinan da aka saukar wa Littafi suka tsaya suka yi wa wannan al'amari iyaka, suka bayyana wanda yake da ikon ramuwa da wanda ba shi da shi. Nufina a wannan maƙala shi ne in shimfiɗa wa masu karatu, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne kamata, abin da maƙwabtanmu Kirista suke karantawa a littafinsu game da wannan mas'ala, sa'an nan in nuna nauyin da koyarwar take ɗora musu, da wanda take ɗora mana, da kuma wanda ya fi duka girma, wato na masu riƙe da ragamar hukuma.

Kada mai karatu ya zaci maganar wasu mutane ake yi na can wata uwa duniya. A ƙasar Kazaure, wadda ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da kuma maƙwabciyarta Babura da ke bakin iyakar Nijar, Musulunci ne addinin kusan kowa, amma an daɗe ana zaune da Kirista, ko da yake ba su da yawa. Tun zamanin mulkin Turawa mishan ta SIM ta kafa tasha a Roni, ta buɗe makarantar kwana ta yara maza, kuma daga cikin Maguzawan ƙasashen Kano da Katsina akwai waɗanda suka karɓi addinin Almasihu, jikokinsu suna nan har yau, Hausawa ne gaba da baya, da Hausa suke addu'a, da Hausa kuma suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa harshenmu a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Bayan su ga baƙi masu shagunan kayan gyaran mota da na magani, ga ma'aikatan asibiti, ga 'yan bautar ƙasa, ga ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu. Mutumin da kake saye a shagonsa, ɗanka kuma yake zama aji ɗaya da ɗansa, wajibi ne ka san abin da addininsa ya hore shi da shi ranar da ka ɓata masa, kamar yadda shi ma ya kamata ya san abin da naka ya hore ka.

Mun kuwa taɓa ɗanɗana abin da jahiltar wannan babi take haifarwa. A watan Nuwamba na 2003, ana tsakiyar azumin Ramalana, aka yi zargin cewa kalmar ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fito daga bakin ɗaya daga cikin ɗalibai Kirista a wata makaranta a Kazaure. Wasu suka ga matakin da hukumar makarantar ta ɗauka bai gamsar da su ba, magana ta tsallake katangar makaranta ta shiga gari, kafin ƙura ta lafa an ƙone majami'u, waɗanda rahotannin lokacin suka ce sun kai 13, haɗe da gidaje da shaguna. Babu Musulmin da zai yi ja-in-ja game da matsayin Fiyayyen Halitta a zuciyarsa, kuma wanda ya ji an taɓa shi bai ji zafi ba ya binciki imaninsa. Amma wane alƙali ne ya zauna a ranar, waɗanne shaidu ne suka tsaya, kuma mene ne laifin mai shagon da bai san hawa ba bai san sauka ba? A lokacin nan Jihar Jigawa ta riga ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, kotuna suna nan, alƙalai suna nan, fadar Sarki tana nan a buɗe. Duk da haka taron jama'a ya naɗa kansa mai ƙara, ya naɗa kansa alƙali, ya kuma zartar da hukunci nan take. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada kuwa suka wayi gari a kan toka, kowannensu da zuciya irin ta kowa, tana neman abin da zuciya take nema.

Amsar da littafinsu ya ba su, a taƙaice, ita ce ramuwa haƙƙi ne na Allah, bai kuwa sakar wa ɗaiɗaikun mutane ita ba. Tushen wannan magana yana cikin Attaura, a littafin Maimaitawar Shari'a sura 32, inda Ubangiji Ya keɓe wa Kansa sakayya. Sa'an nan Bulus, wanda suke kira manzo, ya ɗauko ta ya sa a cikin wasiƙar da ya aika wa ikilisiyar Roma wajen shekara ta 57 ta Miladiyya, a sura 12, inda ya hana su mayar da sharri ga wanda ya yi musu sharri, ya umarce su da su janye hannunsu su bar wa Allah fagen hukunci, har ya kai ga ɗora musu ciyar da maƙiyi da shayar da shi in ya shiga halin buƙata. Hukuncin nan kuwa na ido a madadin ido, wanda yake cikin Attaura, malamansu sun ce an ba da shi ne ga alƙalai don ya zama ma'auni, kada horo ya zarce laifi. Da mutane suka fizge shi daga majalisar alƙali suka mayar da shi lasisin ramuwa tsakanin maƙwabta, sai Almasihu, a huɗubarsa ta kan dutse da ke Linjilar Matiyu sura 5, ya rufe wa mabiyansa wannan ƙofa, ya kira su ga jure mari da yi wa mai tsananta musu addu'a.

Malamansu suna kafa wannan hani a kan dalilan da hankali yake karɓa. Wanda aka zalunta mai ƙara ne, mai ƙara kuwa ba ya zama alƙali a shari'ar kansa, domin zafin rauni yakan rufe masa ido ga uzurin abokin husumarsa, ya kuma girmama masa laifin fiye da ƙimarsa. Sa'an nan ɗan Adam zahiri kaɗai yake gani, bai san niyya ba, bai bambance wanda ya zuga da wanda aka zuga ba, Allah kuwa Masanin fake ne da bayyane. Amma dalilin da ya fi ƙarfi a wurinsu shi ne, Kirista yana ɗaukar kansa mai laifin da aka yafe wa bashi mai tarin yawa, don haka ba shi da bakin tsananta wa wanda yake bi kaɗan. Akwai misali a Linjilar Matiyu sura 18, na wani bawa da sarki ya yafe masa dukiyar da ba zai iya biya ba har ƙarshen ransa, ya fito daga fada ya ci karo da ɗan'uwansa bawa, ya shaƙe shi saboda 'yan kuɗi ƙalilan, labari ya koma wa sarki, sarki ya soke yafewar. Kuma a lura, wannan koyarwa ba ta cewa azzalumi ya sha. Abin da take cewa shi ne akwai ranar hisabi, kuma Mai hisabin ba Ya mantuwa, ba Ya karɓar toshiya. Wanda ya gaskata haka da zuciyarsa yana iya jira. Mai gaggawar ramuwa kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, aikinsa yana shaida cewa yana shakkar adalcin Ubangijinsa.

Ƙissar da suka fi kafa hujja da ita a wannan babi ita ce ta Annabi Dawuda da Sarki Saul, wanda muka sani da Ɗalutu, kamar yadda ta zo a ruwayarsu cikin littafin Sama'ila na fari, sura 24. Sarki ya tasa Dawuda gaba saboda hassada, ya fito da zaɓaɓɓun mayaƙa 3,000, ya bi sawunsa har jejin En Gedi. Can sai ya ratse ya shiga wani kogo don biyan buƙata, shi kaɗai, bai san Dawuda da mutanensa suna maƙale a ƙuryar kogon ba. Mutanen suka yi ta raɗa wa Dawuda cewa ga ranar da Allah Ya sa masa maƙiyinsa a tafin hannu. Dawuda ya lallaɓa cikin duhu har ya iso bayan mutumin da ya raba shi da gidansa da iyalinsa, ya miƙa hannu, ya yanki gefen rigarsa kawai, ya ja da baya. Kuma ko a kan wannan ɗan ƙyallen sai da zuciyarsa ta yi ta zarginsa. Da sarki ya fita, Dawuda ya biyo shi, ya ɗaga ƙyallen ya nuna masa daga nesa, ya miƙa ƙararsa ga Allah Ya yi hukunci tsakaninsu, ya kuma tabbatar masa cewa hannunsa ba zai taɓa shi ba. Abin da ya ba ƙissar ƙarfi shi ne wanda yake da iko ne ya bari: ga makami, ga duhu, ga mabiya suna zuga, ga kuma fatawa a shirye cewa ai Allah ne Ya kawo shi. Da irin wannan fatawa aka halaka bayin Allah masu yawa a ƙasar nan.

Sabon Alkawari ya ƙara tsananta hanin. A Linjilar Luka sura 9, mutanen wani ƙauye na Samariya suka ƙi saukar da Almasihu, sai almajiransa biyu, Yakubu da Yahaya, kishin malaminsu ya kama su, suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Daren da aka zo kama shi, almajirinsa Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Almasihu ya umarce shi ya mayar da shi kube. Kuma bisa ga aƙidarsu game da gicciye, wadda mu Musulmi muka saɓa musu a kanta saɓani bayyananne, sun ruwaito cewa ya roƙa wa masu azabtar da shi gafara, haka kuma Istifanus, shahidinsu na farko, ya yi sa'ad da ake jifansa. Ke nan a wurinsu ko kishin Almasihu kansa bai halatta wa mabiyi ya cinna wuta ba.

To, in an ɗaure hannun wanda aka zalunta, an bar duniya ke nan ga 'yan fashi da masu kisa? Nan ne mutane da yawa, har daga cikin Kiristan, suke tsayawa a rabin karatu. Wasiƙar nan ta Bulus, da ta gama hana ramuwa a sura 12, nan take a sura 13 ta juya kan hukuma, ta bayyana cewa mai mulki ma'aikacin Allah ne, an rataya masa takobi don horon mai laifi, kuma ta hannunsa ne wani sashe na sakayyar Allah yake sauka tun a nan duniya. Attaura ma ta tanadi birane 6 na mafaka, inda wanda ya yi kisa bisa kuskure zai gudu ya tsira daga dangin mamaci har jama'a ta zauna ta bincika, ta hana kashe mutum da shaidar mutum ɗaya, ta kuma hana kashe uba saboda ɗa ko ɗa saboda uba. Shi kansa Bulus bai ɗauki yafewa a matsayin zubar da haƙƙi ba: da aka yi masa bulala ba bisa ƙa'ida ba a birnin Filibi, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu sun fitar da shi, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙararsa har gaban Kaisar. Agustin, babban malaminsu ɗan Afirka ta Arewa, wanda ya yi limanci a Hippo cikin ƙasar Aljeriya ta yau, wajen shekara ta 412 ya rubuta wa wani hakimin Rumawa mai suna Marcellinus game da mutanen da suka kashe wani limamin coci suka kuma nakasa wani. Ya nemi a tsare su a hana su sake ɓarna, amma ya roƙa kada a kashe su ko a yanke musu gaɓa da sunan ramuwar ikilisiya. Koyarwar tasu ke nan hawa uku ce: zuciya ta yafe, hukuma ta hukunta, Allah Ya cika abin da ya kuɓuce wa hukuma.

Ba a kuma hana wanda aka zalunta kuka ba. Zabura cike take da addu'o'in waɗanda aka cuta, suna kai ƙara ga Ubangiji da kalmomi masu zafi, kuma a littafin Wahayi sura 6 rayukan shahidai suna tambayar sai yaushe za a bi musu jininsu, aka ba su amsa su ƙara haƙuri kaɗan. Tsohuwar da aka cinye wa gona a Gwiwa, ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya isa, ta koma ɗakinta ba ta ɗauki ashana ba, ta yi daidai da wannan karatu ko da ba ta taɓa jin sa ba.

Na san wani zai ce, ai haƙurin marar ƙarfi dole ne, kuma 'yan tsiraru a Kazaure ko Roni in sun ce sun bar wa Allah, to da ma me za su iya? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a gwada koyarwa a inda mabiyanta ba su da iko. A inda suke da rinjaye ake gwada ta, kuma nan ne nake juyowa ga 'yan'uwanmu Kirista da nasiha. A 24 ga Fabrairu 2004 an kashe Kirista fiye da 70 a garin Yelwa na ƙasar Shendam a Jihar Filato, da yawansu a harabar coci, wannan kuwa zalunci ne da ba shi da uzuri. A 2 da 3 ga Mayu aka afka wa Musulmin garin, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce waɗanda aka kashe sun kai kusan 700. A 11 da 12 ga Mayu Kano ta ɗauka, aka kashe fiye da 200, mafi yawansu Kirista da ba su taɓa taka ƙasar Shendam ba, har a 18 ga watan Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye. A Fabrairu 2006 aka kashe Kirista a Maiduguri, bayan 'yan kwanaki aka bi Hausawa 'yan ci-rani a Anacha ana kashewa. A kowane zagaye na wannan masifa, mai laifin farko da wuya ya shiga hannu. Mai ɗinkin takalmi da mai sayar da albasa su ne suke biyan jinin da ba su zubar ba. Duk Kiristan da ya ɗauki adda a Yelwa ko Anacha ya yi watsi da sura 12 ta Romawa, kamar yadda duk Musulmin da ya ɗauki fetur a Kazaure ko Kano ya yi watsi da Alƙur'ani.

Domin mu ma a wurinmu al'amarin ba a sake yake ba. Gaskiya ne akwai bambanci, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi don neman a ce an yi zumunci: Musulunci ya tabbatar wa waliyyan jini haƙƙin ƙisasi a Suratul Baƙara, ya ba su zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, ya kwaɗaitar da afuwa a Suratush Shura ba tare da ya tilasta ta ba, alhali Kiristanci ya ɗora wa mabiyi yafewar zuciya a matsayin wajibi. Amma a kan wanda zai zartar, babu saɓani. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Kazaure da Babura tun kaka da kakanni, sun tabbatar cewa haddi da ƙisasi aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaida ta tabbata, kuma ko waliyyin da yake da haƙƙi in ya zartar da kansa ba da izini ba ana ladabtar da shi saboda shisshigi ga hukuma. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, Suratul Hajji kuma ta ambaci majami'u da wuraren ibadar Yahudawa tare da masallatai cikin abubuwan da Allah Yake kare su daga rushewa. Hadisi ingantacce ya hana azabtarwa da wuta, domin wannan na Ubangijin wuta ne kaɗai. Manzon Allah da kansa, bayan jifan da aka yi masa a Ɗa'ifa har jini ya zuba, ya ƙi yarda a halaka mutanen garin. Ranar buɗe Makka ya saki waɗanda suka kore shi. Ya karɓi Musuluncin Wahshi wanda ya kashe baffansa Hamza. Kuma a Hajjin Bankwana ya soke duk jinin Jahiliyya, ya fara da jinin gidansu. Wanda ya ce yana ramuwa don kishin Annabi, to ya duba yadda Annabin ya yi da nasa haƙƙin.

Tarihin ƙasarmu ma ya koya mana haka. Bayan 1819, Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure, da Sarkin Kano Ibrahim Dabo sun shafe shekaru suna gwabzawa, wannan ya kai hari wancan ya rama, talakawa suna ɗanɗana kuɗarsu, kuma abin bai ƙare ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani ya tabbatar wa Kazaure matsayinta. Wannan hikima ce har yau take aiki a ƙofar dagaci. Wanda ya taɓa zama a can lokacin kaka, sa'ad da shanu suke gangarowa ta wajen Babura kafin a gama kwashe amfani, ya san yadda ake yi: manomi ya iso yana huci, riƙe da karan dawar da aka tattake, makiyayi ya zo tare da arɗonsa ya durƙusa gefe, sandarsa a ajiye a ƙasa, dagaci ba zai ce uffan ba sai an kawo ruwa kowa ya sha, sa'an nan ya tura dattawa su je su ga ɓarnar da idonsu su ƙiyasta damin da aka yi asara, a yanke abin da za a biya, liman ya shafa fatiha, wani lokaci ma mai gonar ya ce ya yafe rabi. Wannan manomi ya iya yafewa ne saboda an saurare shi, an auna asararsa, an kuma furta a gaban jama'a cewa shi ne mai gaskiya.

Nan ne jigon maganata. Duk lokacin da aka ce wa mutum ya bar wa Allah, an karɓe masa makami ne bisa sharaɗin cewa akwai wani hannu da zai riƙe shi da amana. In wannan hannu ya mutu, in an kama masu laifi da safe an sake su da yamma saboda wani babba ya yi waya, in an kafa kwamitin bincike bayan tarzoma ya miƙa rahoto aka jefa a durowa, in wanda aka ƙona wa shago ya yi ta zirga-zirga har ya gaji bai ga sisin diyya ba, to wa'azin haƙuri ya koma kayan aikin azzalumi, kuma masu mulki ne suka mayar da shi haka. Littafin Kirista ya kira mai mulki ma'aikacin Allah, namu karatun ya kira shi makiyayi abin tambaya game da kiwonsa, kuma a duka biyun sakacinsa laifi ne da zai amsa. Mu mutanen wannan yanki muna da 'ya'ya a Legas da Fatakwal da Anacha suna neman abinci, don haka abin da muke yi wa baƙo a gida shi muke aika musu. Da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, shugabanni da malamai a Kano sun yi ta kira kada a taɓa kowane baƙo, kuma sun yi daidai. Amma wannan kira bashi ne a wuyan hukuma, ba ya biyuwa sai da shari'a a fili da hukuncin da kowa zai gani.

Kuma kada a ce wannan abu ya fi ƙarfin ɗan Adam, domin an yi shi a ƙasar nan. A rikicin Kaduna na 1992 Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa, kowannensu yana da dalilin da zai kwana da ƙullin ɗayan. A 1995 aka haɗa su, kuma sun sha faɗa da bakinsu cewa zuciya ba ta sauka a rana ɗaya ba. Shi limamin, huɗuba ce a kan abin da ya faru a Ɗa'ifa ta karya masa zuciya, faston kuma nasihar wani malaminsu ce cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki. Cibiyar sulhun da suka kafa ita ce ta taimaka aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Yelwa a 2005. A Yuni 2018 kuma Malam Abubakar Abdullahi, limamin wani ƙauye a ƙasar Barikin Ladi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga maharan da suka biyo su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da ya rage wani abu daga addininsa. Kowannensu ya karanta nasa ne har ƙarshen babi.

Saboda haka ina kira ga limamanmu na Juma'a a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su riƙa karantar da babin ƙisasi tare da sharuɗɗansa tun ana zaune lafiya, kada su jira sai gari ya ɗauki zafi, lokacin da kunne ba ya jin karatu. Ina kira ga fastoci su haɗa wa mabiyansu surorin nan biyu na Romawa, su koya musu yafewa, su kuma raka su ofishin 'yan sanda da kotu ba tare da jin kunya ba. Ina kira ga shugabannin makarantu, in irin zargin 2003 ya sake tasowa, su miƙa shi ga hukuma da masarauta tun kafin ya kwana, a kuma sanar da jama'a cewa an miƙa. Hakimai da dagatai su san kowane baƙo da ke ƙasarsu amana ne a hannunsu. Gwamnati kuwa ta sani, ranar da ta hukunta mai ƙona coci a Jigawa da mai ƙona masallaci a Filato da ma'auni ɗaya, ta kuma biya wanda aka yi wa ɓarna, ranar ce za ta sami bakin ce wa talaka ya yi haƙuri. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu ikon riƙe hannunmu har adalcin ya iso.